Yadda ake ɗora yaro kan karatu da lissafi a gida, daga CI zuwa CE1 (aji ɗaya zuwa aji uku na firamare)

Yaro na iya rera a, b, c, d har ƙarshe, ya ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari da Faransanci ba gargada, iyaye su yi ta murna an samu ɗan boko. Sai ranar da aka nuna masa harafi guda a tsakiyar allo aka ce mene ne wannan, ko aka ce ya ɗebo dabino bakwai daga cikin kwano, sannan a gane ashe waƙa ce ya haddace. Irin wannan yaron yana da yawa a lakwal ɗinmu na Tawa, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ne ke damunsa ba. An ɗora masa hadda ne kafin fahimta, cikin harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Gwajin PASEC, wanda ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da suka kai ajin ƙarshe, waɗanda karatunsu ya kai yadda ake so ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Sauran bakwan fa? Sun yi shekara shida suna zuwa suna dawowa. Matsalarsu ba a CM2, ajin ƙarshe, ta fara ba, tun CI da CP, ajin farko da na biyu, ta somo, lokacin da aji ya wuce ya bar su a baya. Mushe ko madam da ke gaban yara sittin ko fiye, wani lokaci cikin ajin zana, ba za su iya zama da kowane yaro shi kaɗai ba. A gida ne ake iya wannan zaman.

Na san a gidaje da yawa na ƙasar Adar maigida ya tafi bida, Abijan ko Libiya ko Najeriya, uwa ce da kaka ke riƙe da yara, kuma wataƙila ba su yi lakwal ba. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Duk abin da ya shafi kunne da baki da ƙirga, wanda bai taɓa riƙe bik ba ma yana iya koyar da shi. Inda ake buƙatar mai karatu, ku jawo yaya ko ɗan maƙwabta da ke CM ko kwaleji.

Abin da za ku tanada

Arduwaz, wato ƙaramin allon rubutu na ƴan lakwal, da alli, ko kuma rairayin tsakar gida da aka share aka baje. Silin kara ko tsinken tsintsiya guda ɗari, a yanka su tsawon yatsa, da zare ko robar ɗauri. Ƙwallon dabino ko na aduwa, ko marfin kwalba, kamar talatin, da ƙananan kwanoni biyu. Tsohon kwali da za a yanka ƙanana a rubuta haruffa da lambobi. Ku zuba komai cikin leda ko gwangwani guda, ku rataye inda mai rarrafe ba zai kai ba, don ƙwallon dabino na shaƙe jariri.

Lokaci kuwa, minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum sun fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. Ku zaɓi sa'ar da yaro ya ci abinci ya huta, bayan la'asar in ba ya makarantar allo, ko bayan magariba in akwai fitila. Rabi karatu, rabi lissafi. Ku tashi tun yana marmarin ƙari. Bulala kuma ba ta da wuri a wannan zaman. Yaron da ke tsoron duka ba ya kallon harafi, fuskarku yake kallo yana cankar amsar da za ta cece shi.

Mataki na farko: ku gano inda yaron yake

Kada ku tambayi ajinsa, ku gwada shi. Ɗan CE1 na iya kasancewa bai san haruffa ba, ɗan CI kuma na iya haɗa kalma. A takarda guda ku rubuta haruffa goma a hargitse, ba bisa jerin a, b, c ba. Ƙarƙashinsu gaɓoɓi biyar, kamar ma, ki, to, bu, re. Sai kalmomi biyar masu sauƙi: nama, gida, rana, kifi, tuwo. Sai jimla biyu ko uku: "Kaka ta dafa tuwo. Ali ya ci." Ku fara daga sama ku sauko. Inda ya fara kuskure fiye da ɗaya cikin biyar, nan ne matakinsa, nan kuma za ku fara aiki, ko da littafin ajinsu ya yi nisa.

Lissafi ma haka. Ku ce, "Ba ni ƙwallo shida." Ku nuna masa lambobi a hargitse, 7, 3, 9, 5, sannan masu gida biyu, 14, 41, 60, 28. In ya wuce, ku ba shi 4 + 3, sai 17 + 5, sai 32 − 17. Ku lura da yadda yake yi, ba amsar kaɗai ba: da yatsu, da zane-zane, ko da ka.

Kada ku gyara masa komai ranar gwaji, kada ku nuna ɓacin rai. Ku ajiye takardar, ku sake gwajin bayan wata guda.

Mataki na biyu: kunne kafin ido

Nan ne uwa da kaka suka fi kowa. Rubutu hoton magana ne, kuma yaron da bai taɓa lura cewa kalma tana rarrabuwa gunduwa-gunduwa ba, harafi ba zai yi masa ma'ana ba.

Ku fara da tafi. Ku kira sunan kowa na gida, kowace gaɓa tafi ɗaya: Sa-ni, tafi biyu, Ha-di-za, uku, al-ba-sa, uku, ra-ƙu-mi, uku. Idan ya saba, ku juya wasan: ku faɗi gaɓoɓin a rarrabe, "tu... ku... nya", shi ya haɗa ya ce tukunya. Wannan haɗawar ita ce ainihin abin da zai yi ranar da ya fara karatu, don haka ku daɗe a kanta.

Sai wasan farkon kalma. "Wa zai kawo mini abin da ke farawa da ma?" Masara, madara, mangwaro, magarya. A yi shi wajen tankaɗe, a yi shi a hanyar famfo. Daga baya ku sa baƙo cikin jeri: "masara, madara, gero, magarya, wane ne bai yi kama da ƴan'uwansa ba?" Ƙarshen kalma ma a taɓa shi: rana, gona, wuta, wace ce ta fita daban?

Tatsuniya kuma kada a bar wa waya aikinta. Idan kun gama ta Gizo da Ƙoƙi, kada ku tsaya a ƙurunƙus. Ku tambaya: wa ya fara zuwa? Me ya sa Gizo ya yi ƙarya? Da kai ne me za ka yi? Washegari ku ce shi ya ba ƙanensa labarin. Yaron da ya iya jera labari da bakinsa, farko da tsakiya da ƙarshe, shi ne zai fahimci abin da ya karanta in lokacin ya yi. Kacici-kacici ma na cikin aikin.

Mataki na uku: haruffa, gaɓoɓi, kalmomi

Shawarata ita ce a fara da Hausa. Dalilin a fili yake: idan yaro ya sha wahala ya haɗa na da ma ya ji "nama" ya fito daga bakinsa, ya san nama, fuskarsa za ta washe, ya gane abin da karatu ke nufi. In kalmar Faransanci ce da bai sani ba, ko ya haɗa daidai bai san ya yi daidai ba. Rubutun Hausa kuma yana bin furuci sosai. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Zandar, kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Ku fara da wasula biyar: a, i, u, o, e. Ɗaya a rana, ko ɗaya a kwana biyu. Ga yadda ake kowane harafi. Ku rubuta shi babba a rairayi, ku faɗi sautinsa. Yaro ya bi shi da yatsa yana faɗa. Ya rubuta a iska, ya rubuta a arduwaz. Sannan ya nemo shi cikin wani rubutu, a jikin gwangwanin tumatir, buhun shinkafa ko kwalin sabulu. Ku rubuta shi a ɗan kwali ya shiga cikin leda. Gobe, kafin sabon harafi, a fito da na jiya da shekaranjiya a hargitsa a sake tambaya.

Idan wasulan sun zauna, sai baƙaƙe. Kada ku bi jerin a, b, c. Ku ɗauki waɗanda za su ba da kalma da wuri: m, n, k, b, t, r, s, d, g. Ku koya masa sautin harafi, ba sunansa na Faransanci ba. Idan aka ce masa m sunansa "em", aka haɗa da a, zai ce "ema". Ku ja sautin, mmm, ku zame cikin wasali, mmma. Ku riƙe kwalin m a hannu ɗaya, na a a ɗayan, ku matso da su sannu har su haɗu. Sai ku canza wasalin: ma, mi, mu, mo, me. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya riga ya san wannan tsari, don ya yi babbaƙu yana shiga farfaru. Ku gaya masa aikin ɗaya ne, sai dai nan wasalin yana tsaye kusa da baƙin, ba sama ko ƙasa ba.

Da m, n, k, b da wasula biyar kun riga kun samu kalmomi da yawa: mama, baba, kaka, nama, nono, kuka, baki, makami, bana. Kada ku jira a gama haruffa duka kafin a fara karanta kalma. A mako na biyu ko na uku ya kamata ya karanta "baba" da kansa. Ku rubuta gaɓoɓi a kwalaye, ku baje a tabarma, ku ce ya gina "kaka", ya gina "nama", ya juya ya ga "mana" ta fito. Kuna iya ba shi gaɓar da ba ta da ma'ana, kamar "nobu", don ku tabbatar karantawa yake yi ba canka ba.

Kowace rana a rufe da ɗan shifta. Ku faɗi kalma biyu ko uku, ya rubuta a arduwaz, ya ɗaga. In ya yi kuskure kada ku goge masa. Ku ce, "Karanta mini abin da ka rubuta." Sau da yawa da kansa zai ji abin da ya ɓace.

Akwai wuraren da kusan kowane yaro ke tuntuɓe. Na farko b da d. Kada ku koyar da su a mako ɗaya, ku bar b ta zauna sosai tukuna. Ku nuna masa cewa a b sanda ake fara ja sannan ciki, a d kuwa ciki ake fara zagayawa sannan sanda. Na biyu, fara rubutu daga dama, wanda ke yawan faruwa ga ɗan makarantar allo. Ba laifi ya yi ba, hannunsa ne ya saba. Ku ɗiga masa alama a gefen hagu na arduwaz ku ce daga nan boko ke tashi. Na uku, haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da masu tagwaye irin su sh da ts. Ku bar su sai ƙarshe, ku kawo su bibbiyu da kalmomin da ya sani: bari da ɓari, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Kunnensa ya san bambancin tuntuni, idonsa ne kawai ke buƙatar gani.

Wani abu da ya shafe mu nan yamma: muna cewa hura, tahi, hita, littattafai da yawa kuma suna rubuta fura, tafi, fita. In yaro ya rubuta "hura", ya ji daidai ya rubuta daidai. Ku yaba masa, sannan ku nuna masa yadda zai gan ta a littafi.

Daga kalma sai jimla. Mafi daɗin littafin farko shi ne wanda yaro ya faɗa da bakinsa. Ku tambaye shi me ya gani a kasuwar Lahadi. Duk abin da ya ce, yaya ya rubuta a kaye da manyan haruffa, layi uku ko huɗu: "Na je kasuwa da Inna. Mun sayi albasa. Na ga raƙumi." Ya karanta yana bi da yatsa, yau, gobe, jibi, har ya daina tsinkewa. Cikin wata biyu kuna da kaye cike da labaransa. Kowane karatu ya ƙare da tambaya guda kan abin da aka karanta.

Tsallakawa zuwa Faransanci

Wasu iyaye na tsoron kada Hausa ta rikita wa yaro karatun lakwal. Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, kuma yawancin haruffan sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu: a, i, o, m, n, b, d, t, k, l. Abin da ya rage shi ne ku nuna masa inda suka saɓa, ɗaya bayan ɗaya. Sautin da Hausa ke rubutawa u, Faransanci na rubuta shi ou. Namu c shi ne nasu tch, namu sh shi ne nasu ch. Allunan gari sun ishe ku misali: mu mun rubuta cuku, a shago an rubuta tchoukou, mu Tawa, a bakin hanya Tahoua. Faransanci kuma yana da haruffan ƙarshe da ba a furtawa, wanda Hausa ba ta da shi, don haka a gaya masa tun wuri.

Lakwal ɗinmu na koyar da rubutun haɗe, littafi kuma da haruffan ɗab'i aka buga shi. A kowane kwali ku rubuta harafin iri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don ya san abu guda ne.

Mataki na huɗu: ƙirga da hannu

Lissafi ma da Hausa za a fara, da abin da ake taɓawa. Ku zuba ƙwallo biyar, yaro ya ɗauki ɗaya-ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan, kowane ƙwallo lamba ɗaya. Kuskuren farko shi ne baki ya riga hannu: ya kai bakwai alhali huɗu ya taɓa. Ku sa shi ya rage gudu. Idan ya gama, ku tambaya, "To, nawa ne?" In ya sake farawa daga ɗaya, bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce yawan duka. Ku ce, "Biyar. Duka biyar ne." Sannan ku baje su da faɗi ku sake tambaya. Yara da yawa za su ce sun ƙaru. A sake ƙirgawa har ya yarda cewa baje su ko tara su ba ya canza yawansu.

Sai a haɗa yawa da lamba. Ku rubuta 3 a ƙasa, ya ɗora ƙwallo uku. Ku ɗora huɗu, ya nemo kwalin 4. Kwano wanda ba komai ciki shi ne 0. Lambar da ta juya baya, musamman 3, 5, 7 da 9, ba abin damuwa ba ce a CI, yawan rubutu a rairayi na gyara ta.

Gida cike yake da lissafi. Awaki nawa suka shigo, nawa suka rage waje? Tiya nawa aka auna? Mu shida ne, cokali huɗu ke nan, nawa za a ƙaro? A carafke da dara ma ƙirga ake yi.

Kafin ku wuce goma, ku tsaya kan goma ɗin kanta. Ku ɗauki ƙwallo goma, ku kife kwano kan wasu, ku bar sauran a fili. "Ga bakwai. Nawa ke ɓoye?" Kullum a yi, ana canzawa, wani lokaci shi ya ɓoye ku canka. Abin da ake nema shi ne ya san ba tare da ƙirga ba cewa 7 da 3, 6 da 4, 8 da 2 duk goma ne. Duk tarawa da ɗebewar da zai yi nan gaba a kan wannan suke tsaye.

Mataki na biyar: damin goma

In da za a ce in zaɓi abu guda a lissafin firamare, wannan zan zaɓa. Yaron da ya rubuta "ashirin da uku" a matsayin 203, ko ya kasa bambanta 14 da 41, bai san gidan lamba ba, kuma daga nan ne lissafi ke kuɓuce masa har CM2.

Ku fito da silin kara. Doka ɗaya ce: duk sanda sili ya kai goma, a ɗaure shi, kamar yadda ake ɗaure damin hatsi a gona. Ku ja layi a ƙasa, gida biyu: dama gidan sili, hagu gidan dami. Ku riƙa ba shi sili ɗaya-ɗaya yana ajiyewa a dama yana rubuta lamba. Da ya kai goma, ya ɗaure da hannunsa, ya kai hagu. Dami ɗaya, sili babu: 10. A ci gaba: dami ɗaya da sili ɗaya, 11. Hausa na taimaka masa a nan, don "goma sha uku" da "ashirin da uku" suna faɗin abin da ke gabansa ƙarara. Ku ce ya nuna 14, ya nuna 41 kusa da ita, ya ga da idonsa wanne ya fi tsibi. Ku yi mako biyu ko uku a nan ba gaggawa.

Tarawa mai ajiya daga nan take fitowa da kanta. 17 + 5: dami ɗaya da sili bakwai, a ƙara sili biyar. Silin ya zama goma sha biyu, doka ta ce a ɗaure goma. Dami biyu, sili biyu, 22. Ƙaramin 1 ɗin da madam ke rubutawa a sama shi ne wannan sabon damin, ku nuna masa haka.

Ɗebewa ta fi wuya. A 32 − 17 yara da yawa na samun 25, don sun ga ba a cire 7 daga 2, sai su juya su cire 2 daga 7. Ku ba shi dami uku da sili biyu, ku ce ya ba ku sili bakwai. Zai duba ya ce babu. Ku yi shiru ku jira. In bai gano ba, ku tambaya, "Cikin damin fa, mene ne?" Ya kwance ɗaya, sili ya zama goma sha biyu, dami ya rage biyu. Ya cire bakwai, saura biyar. Ya cire dami ɗaya, saura ɗaya. Amsa 15. Ya yi irin wannan da hannu sau da yawa kafin a koma alli kaɗai. Lakwal na iya koyar da wata hanyar rubuta ajiyar daban, ku duba kayensa ku bi tasu wajen rubutu, amma karan ya ci gaba da zama a tabarma.

Sunayen lambobi na Faransanci ku ɗora su kan abin da ya riga ya gane. Wuri biyu ke buƙatar haƙuri: daga 11 zuwa 16, inda kowace lamba ke da sunanta, da daga 70 zuwa 99, inda saba'in take "sittin da goma", tamanin "ashirin huɗu", casa'in "ashirin huɗu da goma". Yaro ya ji soixante-dix sai ya rubuta 6 tukuna. Ku sa ya jera dami bakwai, ya faɗa da Hausa, ya rubuta 70, sannan ya faɗa da Faransanci.

Dala da lambar da ke jikin kuɗi

Yaranmu na da wani lissafi da littafi bai san da shi ba. Ƴar shekara bakwai da ke tallar ƙosai tana ba da canji ba kuskure, amma a aji a ce ba ta iya lissafi ba. A kasuwa da dala muke ƙirga, a lakwal da lambar da ke jikin kuɗin. Tsabar da aka rubuta wa 100 muna kiranta ashirin, ta 50 goma, ta 25 dala biyar, takardar 500 ɗari, ta 1000 jika. Yaro ya ga 100 ya ji an ce ashirin, dole kansa ya ɗaure.

Kada ku kawo wannan da wuri. Sai damin goma ya zauna, wajen ƙarshen CP ko CE1. Ku fara da ƙirga biyar-biyar da yatsun hannu: 5, 10, 15, 20. Ku gaya masa dala ɗaya biyar ce a lissafin lakwal. Ku baje tsabar kuɗi na gaske, ku ja gida biyu a arduwaz, ɗaya sunan kasuwa, ɗaya lambar jiki. Sannan a buɗe shago a tsakar gida. "Inna, ƙosai na dala biyar." Kin karɓi ashirin, canji dala goma sha biyar. Sai a rubuta shi irin na lakwal: 100 − 25 = 75. Ya ƙirga biyar-biyar sau goma sha biyar ya ga 75 ɗin ce. Ta wannan hanya ya shiga ninkawa da biyar tun kafin a ba shi jadawali.

Ku je lakwal

Aƙalla sau ɗaya a wata ku je ku gaisa da malamin ajin. Ku tambaye shi wane harafi da wace lamba ake ciki, ku gaya masa abin da kuka gani a gwajinku. Malami na ƙara kula da yaron da ya san ana bibiyarsa. Ku halarci taron kwamitin makaranta, wanda aka sani da COGES ko CGDES. A jiharmu ta Tawa ne aka fara shirin "Makaranta don kowa" a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen ƴan kwamiti da ƙuri'a, daga baya tsarin ya bazu ƙasa baki ɗaya. Cikin abin da ya fito daga shirin akwai darussan ƙari bayan an tashi, inda ake gwada yara, a sanar da iyaye sakamako a taro, mutanen gari su taimaka wajen zama da su. In makarantarku ba ta yi, ku kawo maganar a taro. Gida uku ko huɗu ma na iya haɗa yaransu a zaure guda, a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa aji ba.

Ƴa mace ta samu minti ashirin ɗinta cif, ba bayan ta gama wanke-wanke tana gyangyaɗi ba. Dogon hutun damina kuma shi ne lokacin da abin da aka koya ke zubewa, don haka ledar kwalaye ta bi yaro har ƙauye in can zai yi hutun.

In kun yi wata uku kuna zama kullum, gwaji ya nuna ko harafi biyar bai riƙe ba, ku duba ido da kunne. Ku rubuta harafi a arduwaz ku ja baya taku shida ku ga ko yana ƙanƙance ido. Ku kira sunansa a hankali ta bayansa. In kunne na zubar da ruwa, ko yana yawan cewa "me?", ku kai shi gidan likita, ku kuma roƙi malami ya dawo da shi layin gaba. In ido da kunne lafiya lau, ku koma mataki ɗaya baya, ku rage haruffan zuwa biyu a mako, ku ƙara wasan tafi da haɗa gaɓa, sannan ku sake gwaji bayan wata guda.